Minti Biyar na Midhat

Ranar da Nermin ta fara ganin Midhat, dariya ta yi masa. Ko bayan shekaru, ba ta taɓa ba da labarin nan ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Suna aji uku ne a wata kwalejin aikin gona da ke gefen garin Mansura, zango bai daɗe da farawa ba. Dakta Fikriyya, malamar da ke koyar da darasin ƙasar noma, ta raba ɗalibai huɗu-huɗu. Ta ce kowane rukuni zai yi bincike ya gabatar a gaban aji a ƙarshen zango, kuma kowa sai ya yi magana ta minti biyar. Wanda bai buɗe baki ba ya faɗi darasin, ko da shi ya yi aikin duka.

"Rukuni na bakwai, ku miƙe ku faɗi sunayenku."

Tamir ya fara, ɗan gayu mai murya kamar ta gidan rediyo. Sai Rihab, ƙawar Nermin tun suna firamare. Sai Nermin. Na ƙarshe wani dogo ne mai duhun fata, da rigar da guga ta ci wuyanta. Ya miƙe, ya buɗe baki.

"M... m... m..."

Leɓunansa suka haɗe suka ƙi rabuwa. Jijiyar wuyansa ta fito. Wani daga baya ya yi kukan saniya, aji ya fashe. Nermin ta toshe baki da tafin hannu, amma dariyar ta riga ta kuɓuce, kuma a daidai lokacin ya juyo suka haɗa ido.

Ya yagi takarda, ya rubuta Midhat Abdulgaffar, ya kai wa malama, ya koma ya zauna.

Bayan kwana biyu rukunin ya haɗu a kantin makaranta. Tamir ya sayo wa kowa shayi, ya shiga rabon aiki.

"Ni zan buɗe, ni zan rufe. 'Yan mata ku ɗauki tsakiya. Shi kuma malam manomi ya riƙa danna mana kwamfuta, ya ce na gode a ƙarshe. In ya fara tun da safe zai gama kafin azahar."

Rihab ta yi dariya. Wannan karon Nermin ba ta yi ba.

Midhat ya zaro littafi daga jaka ya tura tsakiyar tebur. Shafi goma sha huɗu ne da rubutun hannu, a kan yadda gishiri ke cinye gonakin shinkafa a ƙauyensu da ke bayan garin Bilkas. Ya auna ruwan magudana da kansa, ya zana gonakin ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen masu su. Gona ta uku ta mahaifinsa ce, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce.

Da la'asar ɗin ranar Nermin ta ɗauki lambarsa daga zauren hirar ajinsu na waya ta tura masa saƙo.

"Nermin ce. Na yi maka dariya ranar Lahadi. Ba ni da hujja. Ka yi haƙuri."

Amsa ta zo bayan 'yan mintuna.

"Kowa yana yi. Ke kaɗai kika rufe baki, don haka na ce ko dai kina da kunya ko kina da haƙoran da ba kya so a gani. Na duba yau a kanti, haƙoran lafiyarsu ƙalau."

Ta yi dariya ita kaɗai a ɗaki. Ba ta zaci mutumin da ya kasa faɗin sunansa yana da baki haka ba.

"Me za ka yi da minti biyar ɗin?" ta rubuta.

"Zan faɗi darasin. Na saba."

"Ba za ka faɗi a rukunina ba. Gobe ƙarfe biyu, aji na sha ɗaya babu kowa."

Haka suka fara. Kullum bayan darasin ƙarshe su shiga ajin, su bar ƙofa a buɗe, ita ta zauna a layin farko shi ya tsaya gaban allo. Ranar farko bai iya haɗa jimla ɗaya ba. Gumi ya jiƙa masa riga, ya ƙura wa takardar hannunsa ido.

"Ajiye takardar. Kai ka rubuta ta, me za ta gaya maka da ba ka sani ba?"

"Id... idanu," ya ce. "In suka y-yi yawa, wuyana ke shaƙewa."

"To yau ido biyu ne kawai. Ka ba ni labarin gonar babanka."

Ya ba ta. Ya yi tuntuɓe sau da yawa, amma ya kai ƙarshe. Ta lura in yana maganar abin da ya taɓa da hannunsa, harshensa ya fi sakewa. Ta sa shi ya haddace jimlar farko har ta zama kamar sallama a bakinsa. Ta koya masa ya saki numfashi kafin ya fara, kada ya riƙe shi. A mako na uku ta roƙi Baba Sha'aban mai shara ya zauna ya saurara. A mako na biyar ta kawo 'yan aji ɗaya su uku da alkawarin za ta saya musu koshari, wato dafa-dukan shinkafa da taliya.

In sun tashi, sai su bi bakin kogi da ƙafa har inda take shiga mota. Yakan saya mata ruwan rake, ita kuma ta riƙa tsokanarsa.

"Manomina, yau ka yi minti uku ba ka kalli ƙasa ba."

"Ai k-ke nake kallo."

"To ran gabatarwa ma ni za ka kalla."

Abin da bakinsa ya kasa, waya ke isarwa. Wata safiya ta tashi ta tarar da wannan:

"Nunu, jiya na gaya wa Mama sunanki. Ban tsaya a ko harafi ɗaya ba. Ta ce in kawo miki gurasar fatir da zuma, ta ce yarinyar da ta zauna ta saurare ni har ƙarshe ba za a bar ta da yunwa ba. Ina son ki. Na rubuta ne don in na ce zan faɗa da baki, sai mota ta tafi ta bar ki."

Ta karanta sau biyar kafin ta amsa.

"Mota ta tafi. Zan jira ka faɗa da baki."

Ya faɗa a ranar, a bakin kogi. Ya ɗauke shi lokaci, kuma ba ta taya shi ba.

Saura kwana biyu gabatarwa, ta ce zai yi kyau ya ga kansa. Ta ɗauke shi bidiyo da wayarta. Ya yi minti shida, ya maƙale sau tara, amma ya gama. Da ya kalla ya ce, "Ki g-goge."

"Zan goge."

Ba ta goge ba. Daɗi ne ya cika ta, tana son wani ya ga abin da ta gani. Ta tura wa Rihab, ta rubuta a ƙasa, "Dubi yadda ya zama. Ke kaɗai na tura wa."

Nermin ba ta san Rihab ta daɗe tana neman abin da zai sa Tamir ya kula ta ba. Ba ta kuma ɗauki maganar Tamir da muhimmanci ba, duk da sau biyu yana ce mata mahaifinsa da nata abokai ne, bai kamata a riƙa ganinta da ɗan ƙauye ba.

Safiyar gabatarwa, bidiyon ya shiga zauren aji. An yanke duk inda Midhat ya yi magana daidai, an bar wurare taran nan, an jera su, an sa musu kiɗan ganga. Kafin ƙarfe tara ya kai sauran azuzuwa.

Midhat bai gani ba, domin ya kashe wayarsa tun asuba don ya nutsu. Ya shigo da sabuwar riga fara da mahaifiyarsa ta saya masa. Nermin ta gani tun a mota. Ta tare shi a ƙofa da niyyar gaya masa, ta ga yadda yake murmushi, sai ta kasa. Ta ce a ranta in ya sani yanzu ba zai iya tsayawa ba.

Tamir ya yi nasa, Rihab ta yi, Nermin ta yi nata. Midhat ya fito. Ya saki numfashi, ya faɗi jimlar farko tsaf. A ta biyu ya maƙale, sai wani a baya ya fara buga tebur da irin kiɗan nan. Wani ya kama. Wata waya ta saki bidiyon da ƙarfi, Midhat ya ji muryarsa tana fitowa daga layin baya.

Dakta Fikriyya ta daka tsawa, ta kori mutum uku. Ta ce, "Ci gaba, ɗana."

Ya juya ya kalli Nermin. Mutum ɗaya ne a duniya ya ɗauki wannan bidiyon. Ya ajiye abin nuna allo a kan tebur a hankali, ya fita.

Ta bi shi har bakin titi, bai waiwayo ba. Ta tura saƙo.

"Ba ni na yaɗa ba. Wallahi ba ni ba ce."

"Kin goge?"

Ta rubuta masa gaskiya.

"A'a. Na tura wa Rihab ita kaɗai, don ina alfahari da kai."

"Na roƙe ki abu ɗaya tak. Da safe kuma kin sani, kika bar ni na shiga. Waɗancan ba su taɓa ce mini suna so na ba, don haka ba na riƙe da su. Ki bar ni, Nermin."

Bai ƙara zuwa makaranta a zangon ba. Ya faɗi darasin, ya faɗi wasu biyu da bai rubuta jarrabawarsu ba, aka ce sai ya maimaita shekara. An gano Tamir ne ya haɗa bidiyon, aka ba shi takardar gargaɗi, ya ci gaba da karatunsa. Nermin ba ta ƙara yi wa Rihab magana ba. Ta rubuta wa Midhat sau goma sha ɗaya a wata uku, babu amsa ko ɗaya.

Da damina ta gaba ta zo, Tamir ya turo mahaifinsa gidan su Nermin neman aurenta. Mahaifin Nermin, Ustaz Fu'ad, lauya ne da ake ji da shi a kotunan Mansura, mutumin da ko a kan teburin abinci magana yake kamar yana gaban alƙali. Tun tana ƙarama Nermin ba ta taɓa ce masa a'a ba. Ita da ke koya wa wani tsayuwa gaban jama'a, in mahaifinta ya ɗaga gira sai bakinta ya mutu.

"Yaro ne ɗan gidan mutunci, na ba su ranar Alhamis su zo a karanta Fatihar baiko," in ji shi.

Ta riƙe bayan kujera.

"Baba, ba zan aure shi ba."

"Dalili?"

Ta ba shi labarin bidiyon daga farko har ƙarshe, har da nata laifin. Ya saurara yana juya cokali a kofin shayi.

"Wasan yara ne. Shi wancan ɗin, me ke tsakaninku?"

"Ina son sa."

"Shi fa?"

"Ba ya mini magana."

Ustaz Fu'ad ya yi dariyar da ta fi mari zafi. "Wato kin ƙi mai magana saboda wanda ba ya magana." Amma ya san 'yarsa ba ta taɓa musa masa ba, kuma mahaifiyarta, Madam Su'ad, ta ce ba za a shigo mata da Tamir gida ba. Aka janye ranar Alhamis. Wata biyu bai amsa gaisuwar Nermin ba.

Shi kuwa Midhat yana ƙauye. Makonnin farko ko masallaci ba ya son zuwa. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Ummu Midhat, ta zuba masa ido har ta gaji. Wata rana masu gonaki suka taru a ofishin ƙungiyar manoma kan maganar gishirin da ke kashe shinkafa, ta ɗauko littafinsa ta dangwara masa a cinya.

"Tashi ka je ka gaya musu abin da ka auna."

"Mama, za su y-yi dariya."

"Su yi. Ubanka ya mutu bai san abin da ya kashe masa gona ba. Kai ka sani, kana zaune kana jin kunyar baki."

Ya je. Mutum ashirin ne da wani abu, tsofaffi, kowa da rawaninsa da carbinsa. Ya maƙale, suka jira, domin abin da ke bakinsa gonakinsu ya shafa. Suka yi masa tambayoyi har la'asar. Bayan nan ƙauyen da ke kusa suka aiko a kira shi. Ya fara zuwa wajen wata likitar magana duk Talata. Ta gaya masa tun ranar farko cewa i'inar ba za ta tafi ba, abin da za su yi aiki a kai shi ne ya daina gudunta.

Nermin tana aji huɗu ya dawo maimaita aji uku. Sukan hangi juna a farfajiya, ya sauya hanya. A ƙarshen zango, ranar wata Laraba, saƙonsa ya shigo bayan kusan shekara guda.

"Gobe ƙarfe goma zan gabatar. Ba na gayyatarki don na manta ba ne. Ke kika fara aikin nan, ya kamata ki ga ƙarshensa."

Ta zauna a layin ƙarshe. Sabon rukuninsa yara ne da suka san bidiyon kafin su san shi, amma sun yi wata biyu suna gwaji tare, kowa ya san inda zai karɓa daga hannun wani. Da layi ya zo kansa ya fito ba takarda.

"Sunana M... m... Midhat. Ina da i'ina, yawancinku kun g-gani a waya. Minti biyar ɗina zai kai goma. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu, don in na fara maganar g-gishiri babu abin dariya."

Wasu suka yi 'yar dariya, ba irin ta bara ba. Ya yi minti goma sha ɗaya. Ya maƙale fiye da yadda ya yi a bidiyon, amma bai kalli ƙasa ba, bai kuma nemi fuskarta ba. Wannan ya yi mata daɗi, ya kuma yi mata ciwo. Dakta Fikriyya ta cire tabarau ta goge, ta ce rukuni na gaba su fito.

A waje Nermin ta tsaya nesa da shi kaɗan.

"Ka yi kyau."

"Na s-sani," ya ce, ya ɗan murmusa. Sai murmushin ya ɗauke. "Na yi ƙoƙarin in daina son ki. Shi ne abu ɗaya da na gwada ban iya ba."

"Ka yafe mini?"

"Rabi. Sauran sai a h-hankali."

Ta ce ta yarda da rabin.

Sai da ya gama makaranta ya samu aiki a wani kamfanin iri, sannan ya je gidan su Nermin neman aure da kawunsa da kwalin kayan zaƙi na kunafa. Ustaz Fu'ad ya karɓe su a falo, ya ce kawun ya yi shiru, yaron yake son ji. Ya yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tuhumar shaida, kafin ya amsa wannan ya jefo wata. Nermin tana bayan ƙofa da farantin shayi, tana jin yadda numfashin Midhat ke sarƙewa.

A ƙarshe mahaifinta ya ce, "Ba na zargin halinka. Amma 'yata a gidan magana ta tashi. Gobe in ɗanta ya yi rashin lafiya, kai za ka yi wa likita bayani? In aka ci mata mutunci a titi, kafin ka buɗe baki an watse. Kuma abin nan ana gadonsa."

"Ranka ya daɗe," in ji Midhat, "ana g-gadonsa wani lokaci. In ɗana ya gada, zai samu uban da zai j-jira shi."

"Ka sha shayinka. Amsata a'a ce."

Shekara uku aka yi a haka. Duk wanda ya zo Nermin ta ce a'a, ba da faɗa ba, ba da kuka ba. Ta kama aiki a wani ɗakin gwajin ƙasa, ta dawo gida ta gaishe da mahaifinta ko ya amsa ko bai amsa ba. Ƙannenta mata biyu suka yi aure a gabanta, 'yan biki suna nuna ta da baki. Midhat ya sake zuwa sau biyu, sau biyu ana mayar da shi. Akwai lokacin da shi da kansa ya rubuta mata:

"Nunu, shekarunki nake ci. In kin gaji ki faɗa, ba zan riƙe ki ba."

"Na gaji, Manomina. Amma ba da kai ba."

Ummu Midhat ta riga ta ɗinka rigar da za ta sa ranar biki, ta ware kajin da za a yanka, tana ta aiko wa Nermin da fatir duk ƙarshen wata. A shekara ta uku ciwon hanta ya kwantar da ita. Nermin da mahaifiyarta suka je duba ta a asibiti. Tsohuwar ta kamo hannun Madam Su'ad.

"'Yar'uwa, ki gaya wa maigidanki ban yi fushi ba. Kowa ɗansa yake so. Amma ki ce masa ni ba zan iya ƙara jira ba."

Ta rasu bayan kwana tara.

Da suka dawo daga ta'aziyya, Madam Su'ad ta shiga ɗakin karatun mijinta ta rufe ƙofa. Ba wanda ya san abin da ta faɗa. Nermin dai ta ji muryar mahaifiyarta ita kaɗai na tsawon lokaci, abin da ba a taɓa ji ba a gidan. Washegari Ustaz Fu'ad ya tsaya a ƙofar kicin, bai kalli 'yarsa ba.

"Ki ce masa ya zo bayan arba'in. Ban ce na so ba. Na ce ya zo."

Nermin ta gaya wa Midhat. Daga baya ya rubuta, "Alhamdu lillahi. Da wata biyu da suka wuce ne, da Mama ta gani."

An ɗaura auren wata Juma'a bayan la'asar a masallacin unguwarsu. Ba a yi kiɗa ba saboda rasuwar. Malamin ɗaurin aure ya haɗa hannun ango da na uban amarya, ya rufe su da farin hankici, ya fara faɗa suna maimaitawa. Ustaz Fu'ad ya yi nasa da muryar kotu. Da aka zo kan Midhat, ya tafi daidai har kalmar karɓa, a nan ya tsaya.

Nermin tana sashen mata, ta ƙanƙame hannun mahaifiyarta. Malamin ya sake faɗin kalmar don ya taimaka masa. Wani daga dangin amarya ya ce a bari ya gyaɗa kai kawai.

"Ba a ɗaura auren 'yata da gyaɗa kai," in ji Ustaz Fu'ad, idonsa na kan hankicin. "Ba inda za mu. Ku bar shi."

Midhat ya saki numfashi, ya sake farawa daga farkon jimlar, ya kai ta ƙarshe. Guɗa ta tashi daga sashen mata, aka shiga raba jan sharbat.

Surukin bai rungume shi ba. Ya zare hannunsa, ya sa hannu a takarda, ya ce, "Ka riƙe ta da kyau," ya fita tun kafin a gama gaisawa. Sai da aka haifi 'yarsu ta fari sannan ya taka gidansu.

A ƙofar masallaci 'yar'uwar Ummu Midhat ta tare su, wata ƙaramar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya. Ta kama kan Nermin da hannu biyu ta sumbaci goshinta, tana kuka tana magana.

"A madadin wadda ba ta nan nake sa muku albarka. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙai. Abin da kuka sha kafin yau, Allah Ya sa iyakarsa ke nan."

Suka ce amin. Motar kawunsa tana jira a bakin titi, za ta kai su ƙauye su fara tsayawa a maƙabarta wurin kabarin mahaifiyarsa kafin rana ta faɗi. Midhat ya buɗe mata ƙofa, ya tattara mata jelar farar rigarta don kada ta taɓa ƙasa.

"Shiga, m-matata," ya ce.

Ta shiga, ta matsa ta ba shi wuri.